Manhajojin Wasan Ces a Kasuwa: Abin da Mai Saye a Lafiya Zai Auna Kafin Ya Biya

LAFIYA, Jihar Nasarawa — A watan Fabrairu na shekarar 2021, kamfanin ChessBase da ke birnin Hambug na ƙasar Jamus ya fito da wata manhajar wasan ces mai suna Fat Fritz 2, ya sa mata farashi kusan Yuro 100, ya kuma tallata ta a matsayin wadda ta fi kowace ƙarfi a duniya. Ba a jima ba masana suka bayyana cewa ginshiƙin manhajar duka na Stockfish ne, watau wata manhaja da kowa ke iya saukarwa a kwamfutarsa ba tare da biyan ko kwabo ba, sashen auna matsayin wasa kaɗai aka sauya.

Masu kula da Stockfish sun kai ƙara gaban wata kotu a birnin Munik a watan Yuli na wannan shekara, suna zargin kamfanin da karya sharuɗɗan lasisinsu. An sasanta a watan Nuwamba na 2022, inda ChessBase ya amince ya dakatar da rarraba kayayyakinsa da ke ɗauke da Stockfish har tsawon shekara guda, ya kuma sanar da abokan cinikinsa asalin abin da suka saya.

A Jamus aka yi wannan shari'a, amma darasinta ya shafi duk mai makaranta mai zaman kanta, ko mai cibiyar koyar da kwamfuta, ko shugaban ƙungiyar wasannin ɗalibai a nan Lafiya da ke shirin ware kuɗi domin sayen irin waɗannan manhajoji. Ƙarfin wasa, wanda kamfanoni suka shafe shekaru fiye da ashirin suna sayarwa da tsada, yau ya zama kyauta. Abin da ya rage ake biya dominsa shi ne koyarwa, da rumbun wasanni, da sauƙin amfani, kuma a kan waɗannan ne ya kamata mai saye ya kwatanta manhajojin, ya kuma yi lissafinsa da Naira.

Dalilin da ya sa kasuwar ta shafi Lafiya

Ces, wanda wasu ke kira darar Turawa, littattafan Larabci kuma suka san shi da shaɗaranji, wasa ne na mutum biyu a kan allo mai gida 64, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 16. Ya sha bamban da darar da muka gada, wadda ake yi a rami 30 da 'ya'ya goma sha biyu-biyu masu daraja ɗaya, domin a ces kowane ɗa da irin tafiyarsa, ta doki daban, ta sarauniya daban, kuma wasa yana ƙarewa ne idan aka tsare sarki ya rasa mafita. An kafa hukumar wasan ta Nijeriya tun 1975, kuma yana cikin wasannin da ake fafatawa a Bikin Wasanni na Ƙasa da kuma gasar jami'o'i ta NUGA.

A 'yan shekarun nan sunan wasan ya ƙara fita a ƙasar nan. Tunde Onakoya, wanda ya kafa ƙungiyar Chess in Slums Africa a Legas a 2018 domin koyar da yaran unguwannin talakawa, ya shafe sa'o'i 60 yana wasa a dandalin Times Square na birnin New York a watan Afrilu na 2024, da nufin tara Dala miliyan ɗaya domin ilimin yara. Kafin nan, a 2019, wani yaro ɗan Nijeriya mai shekara takwas, Tanitoluwa Adewumi, wanda iyayensa suka yi gudun hijira zuwa Amurka, ya ci gasar yara ta Jihar New York. Makarantu masu zaman kansu a Legas da Abuja sun daɗe suna sa ces cikin ayyukan bayan darasi, suna kuma tallata shi ga iyaye, Abuja kuwa tafiyar 'yan sa'o'i ce daga Lafiya ta hanyar Akwanga da Keffi.

Lafiya, wadda ta zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da aka cire Nasarawa daga Jihar Filato, an fi saninta da cinikin doya da riɗi da agushi. Amma kuma gari ne na ɗalibai da ma'aikata. Akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai, ga makarantun firamare da na sakandare masu zaman kansu da ke gasar neman ɗalibai. Bugu da ƙari, tun da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015, an zuba jari a ɗakunan kwamfutoci waɗanda aikinsu na gaske na 'yan makonni ne a shekara. Jarin da ke kwance watanni da yawa yana neman aikin yi, kuma ajin koyar da ces yana cikin ayyukan da ba su buƙatar ƙarin kaya masu yawa.

Abubuwa huɗu a cikin kwali ɗaya

Kafin a kwatanta farashi, tilas a san abin da ake sayarwa. Kowace manhajar ces haɗi ce ta abubuwa huɗu, ko da yake a kwali ɗaya suke zuwa. Na farko shi ne inji, watau sashen da ke lissafin taku yana zaɓen wanda ya fi. Na biyu shi ne fuskar manhaja, wato allon da mai amfani ke gani da maɓallan da yake dannawa. Na uku shi ne rumbun wasanni, inda ake adana wasannin da gwanaye suka buga domin a bincika. Na huɗu shi ne darussa da atisaye.

A da waɗannan sassa a ɗaure suke, wanda ya so injin wani kamfani tilas ya sayi fuskar wannan kamfani. A shekarar 2000 wasu Jamusawa biyu, Stefan Meyer-Kahlen da Rudolf Huber, suka fito da wata ƙa'idar sadarwa da ake kira UCI, wadda ta ba da damar a jona kowane inji a kusan kowace fuska. Haka nan tsarin rubuta wasanni na PGN, wanda ya bazu tun farkon shekarun 1990, ya sa ana iya ɗaukar wasa daga wannan manhaja a buɗe shi a waccan. Ma'anar wannan ga mai saye ita ce, yana iya sayen sashe ɗaya da kuɗi ya cike sauran da na kyauta.

Yadda ƙarfi ya rasa farashi

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Mayu na 1997 na'urar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran duniya Garry Kasparov da maki uku da rabi da biyu da rabi a New York, bayan shi ya doke ta da huɗu da biyu a shekarar da ta gabata. Deep Blue na'ura ce ta musamman wadda ba ta sayarwa ba ce. Amma a 2006 manhajar Deep Fritz, wadda ake sayarwa a kanti, ta doke zakaran duniya na lokacin, Vladimir Kramnik, da huɗu da biyu a birnin Bon. A 2009 kuma Pocket Fritz 4, tana aiki a kan wayar hannu, ta ci gasar Copa Mercosur a birnin Buenos Aires da maki tara da rabi cikin goma, a tsakanin ƙwararrun 'yan wasa.

A waɗancan shekaru kamfanoni sun yi ta tsere kan wanda injinsa ya fi ƙarfi, domin da haka ake sayarwa. Sai ga Stockfish a 2008, wadda Tord Romstad da Marco Costalba da Joona Kiiski suka assasa, suka kuma buɗe sirrin gininta ga kowa a ƙarƙashin lasisin GPL, ta yadda masu sa kai daga ƙasashe da yawa ke ta gyara ta. A watan Disamba na 2017 kamfanin DeepMind ya sanar da cewa AlphaZero, wadda ta koyi wasan da kanta, ta buga wasa 100 da Stockfish ta ci 28, aka yi kunnen doki a 72, ba ta faɗi ko ɗaya ba. Masu sa kai suka kwaikwayi wannan dabara suka fito da Leela Chess Zero a 2018, ita ma kyauta. Stockfish kuma ta rungumi irin wannan hanyar koyo a 2020, ta ƙara yi wa sauran nisa.

A ilimin tattalin arziki, idan gasa ta yi tsanani farashi kan gangaro har ya kusanci abin da ake kashewa wajen samar da ƙarin guda ɗaya na hajar. Buhun riɗi na biyu yana cin iri da taki da ƙwadago kamar yadda na farko ya ci, saboda haka farashinsa yana da iyakar da ba zai sauka ƙasa da ita ba. Kwafin manhaja na biyu kuwa ba ya cin komai. Muddin aka sami wanda zai ba da injin da ya fi kowane ƙarfi kyauta, to, ba wanda zai iya ci gaba da sayar da ƙarfi shi kaɗai.

Har ila yau, ƙarfin ya wuce buƙatar ɗan Adam. A ma'aunin Elo da ake auna 'yan wasa da shi, matsayi mafi girma da mutum ya taɓa kaiwa shi ne 2882, na Magnus Carlsen ɗan ƙasar Norway a 2014. Manyan injuna kuwa sun haura 3500 a jadawalin da ake auna su tsakaninsu, ko da yake ma'aunan biyu ba su yi daidai baki ɗaya ba. Yaron da ya fara koyo bara, duk injin da aka sa masa zai doke shi sau ɗari cikin ɗari. Biyan ƙarin kuɗi domin ƙarin maki hamsin a wurin irin wannan yaro daidai yake da hayar tirela domin ɗaukar kwandon tumatir.

Waɗanda ake saye sau ɗaya

Fritz ita ce fitacciya a wannan rukuni. ChessBase ya fara fito da ita a 1991, ta kuma ci gasar kwamfutoci ta duniya a Hong Kong a 1995. Amfaninta a yau yana wajen zama abokiyar atisaye: ana iya rage ƙarfinta, tana jan hankalin mai wasa idan ya yi kuskure, tana bin wasan da aka gama taku bayan taku ta nuna inda aka ɓata. Bugu na 19, wanda ya fito a 2023, ya zo da damar zaɓen halin abokin karawa, ko mai son kai hari ko mai tsare gida. Ga ƙananan yara kuma kamfanin yana da Fritz and Chesster, wadda ke koyar da ƙa'idojin wasa cikin labari da zane. An gina Fritz ne domin Windows.

Manhajar da ke ɗauke da sunan kamfanin, watau ChessBase, aikinta daban ne. Ita ma'ajiya ce da wurin bincike. Rumbun da ake sayarwa tare da ita, Mega Database, ya haura wasanni miliyan 10, wasu da sharhin manyan gwanaye. Da ita ɗan wasa ke bincikar abokin karawarsa na gobe, ya ga irin buɗin wasan da ya saba yi da inda yake tuntuɓe. Da ita kuma mai horarwa ke tsara darussa. Ita ce mafi tsada, manyan ƙunshe-ƙunshenta na kaiwa ɗaruruwan Yuro, kuma rumbun yana buƙatar sabuntawa kowace shekara. Kayan aiki ne na ƙwararre, wanda bai fara shiga gasa ba zai biya kuɗin abin da ba zai taɓa ba.

Shredder, ta shi Meyer-Kahlen ɗin da aka ambata, ta ci gasar kwamfutoci ta duniya a 1999 da 2003. Abin da ta fi da shi shi ne sauƙi: tana daidaita ƙarfinta da na mai wasa, tana ƙiyasta masa matsayinsa yayin da yake ci gaba, tana kuma da tarin matsalolin atisaye. Ana samunta a Windows da Mac da Linux da wayar hannu, kuma ba ta da nauyi ga ƙaramar kwamfuta. HIARCS, ta Mark Uniacke ɗan Ingila, wadda injinta ne ya yi wasan nan na Buenos Aires, ta haɗa inji da ƙaramin tsarin rumbu a cikin HIARCS Chess Explorer, tana aiki a Windows da Mac, an kuma san ta da wasa mai kama da na mutum idan an rage ƙarfinta. Ga wanda ke son ɗanɗanon aikin ChessBase a farashi mai sauƙi, a nan ya kamata ya fara dubawa.

Sai Chessmaster, wadda ta fara fitowa a 1986 a Amurka, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka koyi wasan a kwamfuta a shekarun 1990 da ita suka koya. Ƙarfinta yana wajen darussa, musamman na Josh Waitzkin, da kuma tarin abokan karawa na roba masu halaye iri-iri. Sai dai bugunta na ƙarshe na kwamfuta, na 11, ya fito ne a 2007 a hannun kamfanin Ubisoft. Darussanta ba su tsufa ba, amma ba hikima ba ce a gina sana'a a kan hajar da mai ita ya daina kula da ita.

Waɗanda ake biya wata-wata

Da ƙarfi ya rasa farashi, sai kuɗin kasuwar ya koma intanet. Chess.com, wanda Erik Allebest da Jay Severson suka buɗe a 2007, yana barin kowa ya yi wasa kyauta, amma yana taƙaita atisaye da darussa da nazarin wasa ga wanda bai biya ba, sai an yi rajistar wata ko ta shekara a ɗaya daga cikin matakansa. Zaman gida na annobar korona da fim ɗin The Queen's Gambit na 2020 sun bunƙasa shi ƙwarai, har mambobinsa suka kai miliyan 100 a watan Disamba na 2022. Kamfanin ya sayi injin Komodo a 2018, ya kuma sayi rukunin Play Magnus a 2022 kan kimanin Dala miliyan 80, wanda ya haɗa da Chessable, dandalin sayar da darussa da ake haddacewa ta hanyar maimaici. Yana kuma da ChessKid, sashen yara mai tsarin aji da malami ke lura da shi.

Wannan saye-saye yana da darasinsa. Dandalin chess24, wanda yake cikin rukunin da aka saya, an rufe shi a watan Janairu na 2024. Wanda ya sayi manhaja ya sa a kwamfutarsa yana da ita ko kamfanin ya mutu. Wanda ke biyan wata-wata kuwa ɗan haya ne, ranar da ya daina biya ko mai gida ya rufe ƙofa, ba abin da zai fita da shi.

A gefe guda akwai Lichess, wanda wani Bafaranshe, Thibault Duplessis, ya kafa a 2010. Ba ya karɓar kuɗi, ba ya sa talla, da gudummawar masu amfani yake rayuwa. Yana ba da nazarin wasa da Stockfish, da atisaye ba iyaka, da damar shirya gasa, da tsarin aji inda malami zai buɗe wa ɗalibai asusu ya kuma bi ci gabansu. Inda Chess.com ya fi shi shi ne yawan darussan bidiyo da aka jera daki-daki, da bayanin kuskure cikin kalmomi masu sauƙi, da yawan abokan karawa na roba. Ga wanda ke son aiki ba tare da intanet ba, akwai Arena da SCID na kwamfuta da DroidFish na wayar Android, duka kyauta, sai dai fuskokinsu suna buƙatar haƙuri kafin a saba. Mujallar The Week in Chess kuma tana fitar da sababbin wasannin gasa kowane mako kyauta tun 1994.

Lissafi da Naira

Duk waɗannan kayayyaki da Yuro ko Dala ake yi musu farashi, saboda haka canji shi ne abu na farko. Kafin a saki Naira a watan Yuni na 2023, Dala tana kusan Naira 460 a farashin hukuma, manhajar Dala 100 ke nan Naira dubu 46. A watan Fabrairu na 2024 Dala ta haura Naira 1,500, manhajar nan dai ta koma Naira dubu 150, fiye da ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na Naira dubu 70 da aka amince da shi a watan Yuli na wannan shekara. Mai saye sau ɗaya yana fuskantar wannan haɗari rana ɗaya. Mai biyan wata-wata kuwa ya ɗauki bashin kuɗin waje ne a kansa alhali kuɗin shigarsa Naira ne, kuma ko da an nuna masa farashi da Naira a kantin manhajojin waya, asalinsa na waje ne, ana iya sake shi.

Abu na biyu shi ne hanyar biya. A 2022 bankuna da dama sun rage, daga baya suka dakatar da amfani da katin Naira wajen sayayya a ƙasashen waje, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da shi tare da ƙayyade adadi. Duk wanda zai ɗora ajinsa a kan rajistar da ake sabuntawa, ya tambayi bankinsa tukuna. Kada kuma ya manta da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda tun 2022 doka ta ɗora wa kamfanonin waje masu sayar da hidima ta intanet alhakin karɓa.

Abu na uku shi ne lasisi. Galibin manhajojin sayarwa suna ƙayyade yawan kwamfutocin da za a sa su. Mu ɗauki misalin cibiya mai kwamfuta 20. Idan kowace za ta ci lasisin Dala 100, a canjin Naira 1,500, jimla Naira miliyan uku ke nan kafin yaro ɗaya ya zauna. Wannan kuɗi zai sayi alluna da agogunan wasa ya kuma biya malami watanni da dama.

Abu na huɗu shi ne wuta da data. An ƙaddamar da babbar tashar rarraba wutar lantarki ta Akurba a Lafiya a watan Fabrairu na 2022, amma ba ɗan kasuwar da ke yin lissafi ba tare da janareto ko sola ba, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kowace sa'ar janareto ta ƙara tsada. Leela Chess Zero ba ta nuna ƙarfinta sai da katin zane mai tsada da cin wuta, Stockfish kuwa tana aiki a ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka har ma da waya. Fritz da Shredder da HIARCS suna aiki ba intanet bayan an yi musu rajista. Chess.com da Lichess suna buƙatarsa a mafi yawan ayyukansu. Wasan kansa ba ya cin data sosai, darussan bidiyo ne ke ci, kuma hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin sadarwa a watan Janairu na 2025.

A ƙarshe a duba kwamfutar kanta. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ke cibiyoyinmu ba sa ɗaukar Windows 11. A karanta abin da manhaja ke buƙata kafin a biya, a kuma gwada bugun gwaji idan akwai, domin kada a yi cinikin biri a sama.

Wa ya dace da me

Mai makarantar firamare ko ƙaramar sakandare da ke son fara aji, darussa da lura da yara ne buƙatarsa. Ya fara da tsarin aji na Lichess na zango ɗaya, idan ya ga iyaye sun karɓa suna biya, sa'an nan ya auna ChessKid ko Fritz and Chesster. Mai cibiyar kwamfuta inda intanet ke yankewa ya sa Stockfish da Arena a kan kowace na'ura, ya sayi lasisin Fritz ko Shredder guda ɗaya domin kwamfutar malami. Ƙungiyar jami'a ko tawagar jiha da ke shirin gasa, ita ce kaɗai ke da hujjar sayen ChessBase da rumbunta, kuma kwafi ɗaya a hannun mai horarwa ya isa. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke wasa da yamma domin hutu, wayarsa ta wadatar, idan kuma yana son darussa ya gwada rajistar wata ɗaya kafin ya biya ta shekara.

Masu shirya gasa kuma su lura: tun da waya ta fi kowane zakara ƙarfi, dokokin hukumar wasan ta duniya, FIDE, sun hana ɗan wasa riƙe waya a jikinsa yayin wasa, wanda aka kama da ita ya faɗi. Gasar da za a sa mata kyautar kuɗi tana buƙatar wurin ajiye wayoyi tun daga ƙofa.

Batun kwafin sata

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ana yawo da kwafin manhajoji da aka fasa makullinsu. Araha ba ta ado. Ban da haɗarin ƙwayoyin cutar kwamfuta, waɗanda za su iya gurgunta ɗakin da ake jarrabawa a cikinsa, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta shafi manhajoji. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, a wannan fanni satar ba ta da riba, tun da abin da ya fi ƙarfi halal ne kuma kyauta. Lasisin GPL ya yarda a kwafi Stockfish a kan kwamfuta ko nawa, ya yarda ma a karɓi kuɗin aikin sa ta da koyar da ita, muddin an ba mai karɓa takardar lasisin da damar samun asalin rubutun manhajar, ba a kuma ɓoye masa abin da aka ba shi ba.

Mai sayarwa ma ba a ɗaukar maganarsa ba bincike. A 2011 ƙungiyar wasannin kwamfuta ta duniya, ICGA, ta ƙwace kambun duniya huɗu da manhajar Rybka ta ci daga 2007 zuwa 2010, bisa hukuncin cewa an kwashi aikin wasu injuna an saka a cikinta, ko da yake mai ita ya musanta. Tambayar farko ga duk mai tallar manhaja ita ce: wane inji ne a ciki, kuma me aka ƙara a kansa wanda ba a samu kyauta?

Inda riba take

Kamfanonin da suka tsira a wannan kasuwa su ne waɗanda suka gane da wuri cewa inji ya tashi daga haja, suka koma sayar da darasi da rumbu da wurin haɗuwa. Ɗan kasuwar Lafiya ma a nan rabonsa yake. Darussan da ke cikin manyan manhajojin nan da Turanci suke da sauran harsunan waje, babu na Hausa, balle na Eggon ko Alago ko Gwandara. Inji zai nuna wa yaro cewa takunsa na goma sha biyu kuskure ne, amma zaunar da shi a bayyana masa dalili da harshen da yake ji, a kuma haɗa shi da sa'o'insa ranar Asabar su kara, wannan aikin mutum ne, kuma shi ne iyaye za su biya. Saboda haka wanda ke da Naira dubu ɗari biyu na farawa, ya fara da alluna da malami, ya ɗauki inji kyauta, ya bar sayen lasisi sai ranar da ɗalibansa suka kai matsayin da za su buƙace shi.